Filin Masu Karatu: Ɓarnar da Ake Yi Wajen Jona Amfilifaya da Lasifika

Wasiƙun da suka iso wannan fili daga Bauchi da Gombe a 'yan makonnin nan sun fi karkata ga kayan sauti, kuma hakan bai ba mu mamaki ba, domin bayan kaka ne ake yawan ɗaurin aure da walima da saukar Alƙur'ani, lokacin da ake fito da amfilifaya daga falo a ɗora mata aikin da ba a ƙera ta dominsa ba. Abin da ya haɗa wasiƙun shi ne, kusan kowace ɓarna da aka ba mu labarinta ta faru ne a bayan na'urar, wurin da ake jona wayoyi, kuma a hannun mutumin da yake cikin sauri. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da amfilifaya da na daɗe ina amfani da ita a falo tare da lasifika biyu, ba ta taɓa ba ni matsala ba. Ranar walimar ƙanwata na aro wasu lasifikoki shida a wurin maƙwabta, na murɗe wayoyinsu wuri guda, huɗu a dama huɗu a hagu, domin matan da ke cikin gida da mazan da ke rumfa a waje kowa ya ji wa'azi. Ta yi aiki kamar rabin awa, sai ta yi zafi ta mutu. A jikinta an rubuta wat 100, kowace lasifika kuwa an rubuta mata wat 150 ko fiye, don haka na ɗauka babu abin da zai faru. Ina kuskuren yake? Daga wani magidanci a Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ma'auratan zaman lafiya, ya kuma mayar maka da alheri. Lambar da ka dogara da ita ba ta da hannu a wannan ta'asa. Wat ɗin da ake rubutawa a jikin lasifika yana nuna iyakar ƙarfin da za ta iya jurewa kafin ta ƙone, bai ce komai ba game da nauyin da take ɗora wa amfilifaya. Lambar da ke faɗin wannan nauyi ita ce om, wadda ake rubutawa da alamar Ω, kuma za ka same ta a bayan lasifika, galibi 4 ko 6 ko 8, sannan idan ka duba kusa da wurin jona waya a bayan amfilifayarka za ka ga an rubuta mafi ƙanƙantar om da take iya ɗauka, misali 8Ω, ko kuma 4–16Ω. Om awo ne na yadda lasifika ke tare wa wuta hanya. Idan lambar tana da girma wuta kaɗan ce ke wucewa, idan ta ragu kuwa sai wutar da ake ja ta ƙaru. Bajamushen nan Georg Ohm ne ya bayyana wannan ƙa'ida a shekarar 1827, kuma har yau a kanta kowane mai gyaran rediyo yake aiki, ko ya taɓa jin sunansa ko bai taɓa ji ba.

Irin haɗin da ka yi, wato tara jajayen wayoyi wuri guda da baƙaƙe wuri guda, rage om yake yi. Lasifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su haka sun koma om 4, huɗu kuwa sun koma om 2. Amfilifayar da ke ba da wat 100 a kan om 8 tana fitar da kimanin bolt 28 idan an ƙure ta, kuma wutar da take turawa, wadda ake aunawa da amfiya, ba ta wuce amfiya 3.5 ba, da ka saukar da ita zuwa om 2, abin da lasifikokin suka nema daga gare ta ya kai amfiya 14 a kowane gefe, ninki huɗu ke nan. Ka ƙaddara injin ban-ruwa ne a fadama wanda aka yi shi domin mesa ɗaya, sai aka jona masa huɗu, ya yi ta fafutukar cika su duka har ya yi zafi ya tsaya. Taransistocin da ke fitar da sauti, waɗanda ake ɗaurewa a jikin faffaɗan ƙarfen alminiyam domin su riƙa hucewa, su ne suka sha wannan wahala, kuma rabin awar da ka ambata ita ce lokacin da zafi ya ɗauka kafin ya fi ƙarfin ƙarfen. Idan kuma a kan kafet aka ajiye ta, ko aka lulluɓe ta da zane saboda ƙurar hunturu kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, to an toshe mata ramukan iska an ƙara gaggauta ajalinta.

Duk wannan lissafi mun yi shi ne bisa zaton cewa lasifikokin aron masu om 8 ne, alhali da wuya hakan ta kasance, domin ƙananan lasifikokin da ke zuwa a kwali ɗaya tare da na'urar kallon bidiyo sau da yawa om 3 ko 4 ne. Ɗaya daga cikin irinsu ta isa ta saukar da jimillar ƙasa da om 2.

Akwai hanyar haɗa lasifika huɗu a gefe ɗaya ba tare da cutar da amfilifaya ba. Ka ɗauki biyu ka jera su, wato baƙar wayar ta farko ta shiga jan bakin ta biyu, ya zamana jar ta farko da baƙar ta biyu ne kaɗai suka rage a waje. A irin wannan jeri om taruwa yake yi, 8 da 8 su ba da 16. Ka yi wa sauran biyun haka, sannan ka haɗa jerin biyu ja da ja, baƙi da baƙi, sai jimillar ta dawo om 8, daidai abin da amfilifayar ta saba gani. Sai dai ka sani wat 100 ɗin nan ne za a raba musu, kowace ta sami kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka sautin zai bazu wurare da yawa amma ba zai ƙara ƙarfi yadda kake buri ba, kuma haɗin ya fi kyau idan lasifikokin iri ɗaya ne. A ganinmu, taron da ya kai a kafa rumfa ya kai a yi hayar kayan masu sana'ar, domin kuɗin hayar yini ɗaya da wuya ya kai abin da za ka kashe yanzu. Wajen gyara kuma, ka roƙi mai gyaran ya duba ƙananan taransistoci da rezistocin da ke kewaye da manyan da suka ƙone, domin sukan tafi tare, sannan ya auna bakin fitar sauti da mita kafin a jona kowace lasifika. Idan babu sautin da ke shiga, bai kamata mitar ta nuna fiye da ɗan ƙanƙanin abu ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na bolt.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina share falo na jawo teburin kayan kallo, sai wayar lasifika ɗaya ta zare daga bayan amfilifaya. Ɗana mai shekara 16 ya mayar da ita alhali ana cikin sauraron karatu, muka ga tartsatsi, komai ya ɗauke. Ya buɗe ɗan murfin da ke baya ya ce fiyus ne ya yanke, ya naɗa siririyar waya a madadinsa ya kunna, sai hayaƙi da wari suka cika ɗakin. Maigida yana cewa laifin yaron ne, ni kuwa ina ganin na'urar ce ba ta da inganci. Wane ne da gaskiya, kuma za ta gyaru? Daga wata uwargida a Fadaman Mada, Bauchi.

Amsa: Hajiya, ba ma son shiga tsakaninki da maigida, amma na'urar ta yi abin da aka tsara mata har zuwa lokacin da aka hana ta. Ɓarna biyu aka yi, kuma ta biyun ta fi ta farko tsada nesa ba kusa ba.

Wayar lasifika tarin siraran zaruruwan jan ƙarfe ce, kowanne bai fi gashin kai kauri da yawa ba, kuma jan baki da baƙin baki da ke bayan amfilifaya suna dab da juna, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai faɗin yatsa ba. Idan aka tura waya da ta riga ta tarwatse a baki, ya isa zare ɗaya ya kauce ya taɓa ɗaya bakin, ko ya taɓa ƙarfen jikin na'urar, sai wuta ta sami hanyar da babu abin da ke tare ta, ta kwarara ta cikin taransistoci kafin ƙiftawar ido. Amfilifayoyi masu kyau suna da abin kariya, wanda shi ne ke yin ƙarar nan ta ƙas da ake ji 'yan daƙiƙoƙi bayan an kunna, kuma idan ya ga haɗari yakan yanke lasifika ya nuna kalmar PROTECT ko ya kunna jar fitila. Masu araha kuwa fiyus ne kaɗai garkuwarsu.

An yi fiyus ne domin ya mutu a madadin abin da ya fi shi daraja. A jikin ƙarfen da ke bakinsa, ko a kusa da gidansa, akwai rubutu irin T2A 250V, wanda ke nufin yana ɗaukar amfiya 2. Harafin T yana nuna mai jinkirin yankewa ne, wanda ke jure fizgar wutar da taransifoma ke yi a lokacin kunnawa, harafin F kuwa na mai saurin yankewa ne. Ƙa'ida ita ce a maye shi da irinsa sak, kuma idan sabon ya sake yankewa nan take, to ya gaya miki cewa cutar tana ciki, sai a zare fulogi a kai wa mai gyara. Da yaron ya naɗa waya, wuta ta ci gaba da bi ta taransistan da ya riga ya narke, ta dafa allon na'urar, wataƙila har da taransifoma, garin neman gira aka rasa ido. Ku gode wa Allah da abin ya tsaya a hayaƙi, domin a falon da ke da labule da kafet irin wannan dabara tana iya kai wa ga gobara.

Idan taransistoci da rezistoci ne kawai suka tafi, za ta gyaru. Idan taransifoma ta ƙone, kuɗin gyaran yana iya kusantar kuɗin wata ta hannu, don haka a nemi mai gyaran ya faɗi farashi kafin ya fara aiki. Kada kuma a manta da lasifikar da ke jone a gefen da ya ƙone, domin taransistan da ya narke yakan tura mata tsayayyiyar wuta ta bolt 30 ko 40 kai tsaye, ta gasa naɗin wayar da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira koyil. Ki sa a danna faifan lasifikar a hankali da yatsu, a kewayen tsakiyarsa. Idan lafiya yake zai shiga ya dawo shiru, idan kuwa ana jin yana gogar wani abu, ko ana jin warin ƙuna, koyil ɗin ya lalace. A kan mita, lasifika mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, kuma wannan daidai ne. Idan ta nuna kusan sifili ko ta ƙi nuna komai, sai a kai ta wurin masu sake naɗi. Mayar da ƙonanniyar lasifika a kan amfilifayar da aka gyara shi ne abin da ke sa a koma wa mai gyara da faɗa washegari, alhali ba shi da laifi.

Nan gaba a zare fulogi daga bango kafin a taɓa kowace waya, a feƙe bakinta kimanin santimita 1 kacal, a murɗe zaruruwan su zama tsintsiya ɗaya, a ɗaure, sannan a ɗan ja a gani ko ta kama, kuma kada a bar jan ƙarfe yana leƙowa. Shi kuwa yaron, tun da hannunsa yana son irin wannan aiki, ya fi kyau a kai shi wurin mai gyara ya riƙa koyo a lokacin hutu, inda za a nuna masa cewa manyan kafasitocin da ke cikin amfilifaya, wato ma'ajiyar wutarta, suna riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

Tambaya: Malam, na sayi amfilifaya ta hannu a wurin masu kayan Beljiyam, mai nauyi da kyan gani. Fuloginta mai faffaɗan haƙora biyu ne, sai na sayi adafta na soka a bango, ta yi ƙara ɗaya ta mutu. An cuce ni ne? Daga wani ɗan kasuwa a Azare.

Amsa: Alhaji, kafin ka koma wa mai kayan ka juya bayanta ka karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ta fito. Muna kyautata zaton za ka ga 120V 60Hz, wato an yi ta ne domin Amurka ko Kanada, inda wutar gida bolt 120 ce. Idan ta Japan ce za ka ga 100V. Wutar Najeriya bolt 230 ce, kamar ta Ingila da sauran ƙasashen Turai, ka ga ke nan ka ba ta kusan ninki biyu na abin da take ɗauka. Adafta siffar haƙoran fulogi kaɗai take sauyawa, ba ta rage wuta ko kaɗan. Wasu amfilifayoyin suna da ɗan makunni a baya na zaɓar 110 ko 220, wasu na zamani kuma an rubuta musu 100–240V, waɗannan suna karɓar wutar ko'ina; wadda ba ta da ko ɗaya daga ciki tana buƙatar taransifomar rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce wat ɗin da aka rubuta na'urar tana ci, ko kuma sitabilaiza mai bakin 110 idan ƙarfinta ya isa. Idan ka yi sa'a fiyus ne da 'yan ƙananan abubuwa suka tafi, idan ba ka yi ba sai an sake naɗa taransifoma, kuma a lokacin kana iya sa a naɗa ta a kan 230 ka huta gaba ɗaya. Idan ka zaɓi barinta a kan 120, ka liƙa takarda a jikin fulogin da rubutu ɓaro-ɓaro, domin wata rana wani ne zai soka ta a bango ba ka nan. Mai kayan ya kamata ya faɗa maka, wannan hakkin mai saye ne a kansa, amma rubutun yana nan a jikinta tun daga masana'anta.

Tun da muna maganar wuta, duk mai sauyawa tsakanin wutar gari da janareta ya riƙa kashe amfilifaya kafin ya juya makunni, ya kuma bari injin ya daidaita kafin ya sake kunna ta.

Tambaya: Malam, na sauya ɗaki na sake jona kayana, yanzu sautin ya zama siriri babu nauyi, amma idan na juya murya zuwa lasifika ɗaya kaɗai sai nauyin ya dawo. Wace ce ta lalace? Daga wani ɗalibi a Yelwa, Bauchi.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, babu wadda ta lalace, kuma wannan ce kaɗai wasiƙar yau da ba za ta ci ko sisi ba. Ka juya wayar lasifika ɗaya ne, ja ta shiga baƙi, baƙa ta shiga ja. Lasifika tana yin sauti ne ta hanyar tura iska gaba da baya da faifanta, tsarin da Chester Rice da Edward Kellogg suka fito da shi a Amurka a 1925, kuma idan an juya waya sai ɗaya ta riƙa turawa a daidai lokacin da ɗayar take ja, su kashe wa juna aiki. Kakkauran amo ne ya fi shan wahala saboda zangonsa, wato tsawon igiyar sautin, dogo ne: sautin da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya kusa mita 7, ya fi ɗakinka tsawo, don haka sokewar tana faruwa kusan ko'ina a ɗakin, alhali siririn sauti da zangonsa bai wuce 'yan santimitoci ba yana tsira. Ka kashe na'urar, ka juya wayar lasifika ɗaya tak, a ƙarshenta ɗaya tak, ko wajen amfilifaya ko wajen lasifika. Idan wayarka ba ta da launi biyu, ka duba da kyau za ka ga layi ko rubutu ko ɗan tudu a jikin ɓari ɗaya. Idan babu, ka zare wayar daga amfilifaya ka ɗan taɓa bakunanta a jikin batirin tocila mai bolt 1.5 kana kallon babban faifan. Idan ya turo waje, wayar da ke kan alamar + ta batirin ita ce ja.

Wani abu da ɗalibai kan yi domin tsimin waya shi ne haɗa baƙaƙen bakuna biyu na dama da hagu su tafi a waya ɗaya. A wasu tsofaffin amfilifayoyi hakan yana wucewa lafiya, amma a yawancin ƙananan na zamani masu Bluetooth, da rediyoyin mota da ake kawowa ɗaki a jona da batir, baƙin bakin ma ɗauke yake da nasa sautin, kuma haɗa su daidai yake da haɗa ja da baƙi.

Tambaya: Malam, muna da amfilifaya a masallacin unguwarmu mai lasifikokin ƙaho a saman hasumiya. Wani bawan Allah ya ba da sadakar lasifikar gida mai akwati domin cikin masallaci, na jona ta a bakin da na ga babu kowa a kai, wanda aka rubuta wa 100V. Ta yi kwana biyu tana karcewa, sannan ta yi shiru, amfilifayar kuma tana zafi fiye da da. Daga wani ladani a Kumo.

Amsa: Baba Ladan, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Amfilifayoyin masallatai da makarantu, irin na kamfanin Ahuja na Indiya da TOA na Japan, suna da jerin bakuna a baya: COM, sannan 4Ω, 8Ω, 16Ω, sannan 70V da 100V. Bakunan ƙarshen nan biyu an yi su ne domin tura sauti ta doguwar waya zuwa lasifikoki da yawa, kuma sharaɗinsu shi ne kowace lasifika ta kasance tana da 'yar taransifomarta, wadda ke rage wutar ta kuma ƙayyade wat nawa za ta ja, misali 5 ko 10 ko 20. Lasifikar gida ba ta da wannan taransifoma. A lissafi, om 8 a kan bolt 100 yana neman wat 1,250, abin da amfilifayar ba za ta iya bayarwa ba, lasifikar kuma ba za ta iya jurewa ba, shi ya sa ɗaya ta ƙone ɗayar take zafi. Ka cire lasifikar yanzu, kafin a wayi gari babu abin kiran sallar asuba.

Idan an gyara ta, hanya biyu ce. Idan ƙahonin na sama suna kan tsarin 70V ko 100V, a saya wa lasifikar akwatin taransifomar layi a jona ta tare da su, a tabbatar jimillar wat ɗin dukkan lasifikokin ba ta kai ƙarfin amfilifayar ba, a bar rarar kamar kashi ɗaya cikin biyar. Idan kuwa suna kan bakin om ne, sai a sake lissafin om ɗin gaba ɗaya kamar yadda muka yi wa mai tambaya na farko, domin ba a so a yi amfani da bakin om da bakin 100V a lokaci guda. Mu dai mun fi son a sama wa cikin masallaci ƙaramar amfilifaya tata daban, saboda ƙarfin da ake buƙata domin kira ya kai ƙarshen unguwa ya yi wa kunnen mutanen sahun gaba yawa.

Tambaya: Malam, ina da amfilifaya biyu, sai na ɗauki waya daga inda ake jona lasifika a ta farko na sa a bakin AUX na ta biyu domin ƙarfinsu ya haɗu. Yanzu ta biyun ba ta karɓar sauti. Kuma tun kafin wannan, ƙananan lasifikokina na siririn sauti suna yawan ƙonewa, ko da yake amfilifayar ƙarama ce, duk da an rubuta 5000W PMPO a kwalinta. Daga wani matashi a Bolari, Gombe.

Amsa: Ƙanena, ƙarfin amfilifaya biyu ba ya haɗuwa ta wannan hanya. Bakin AUX an yi shi ne domin ɗan siginar da ke fitowa daga wayar hannu ko na'urar bidiyo, wanda bai cika wuce bolt 1 ko 2 ba, kai kuwa ka tura masa abin da zai iya kai bolt 20 ko fiye, ka ƙona sashen karɓar sautin. Gyaransa bai cika tsada ba, galibi ƙaramin guntu ɗaya ne da 'yan rezistoci. Hanyar da ta dace ita ce ka nemi bakin da aka rubuta wa LINE OUT ko REC OUT ko PRE OUT a ta farko, ka ɗauki sigina daga nan, kuma kowace amfilifaya ta riƙe nata lasifikokin. Kada ka taɓa jona bakunan fitar sauti na amfilifaya biyu a kan lasifika ɗaya, domin kowace za ta tura wutarta cikin 'yar'uwarta, ka yi asarar duka biyun. Wajen kunnawa ka fara da tushen sautin, ka ƙare da wadda ke riƙe da lasifika, murya tana ƙasa, wajen kashewa kuma ka fara da ita, domin bugun da ake ji idan an saɓa wannan tsari yana iya yaga faifai.

Game da tuwitocinka, wato ƙananan lasifikokin siririn sauti, mutane da yawa suna zaton babbar amfilifaya ce kaɗai ke ƙona lasifika, alhali ƙaramar da aka ƙure tana yin ɓarnar da ba ta gaza ta babbar ba. Idan aka nemi ta ba da abin da ya fi ƙarfinta, sai ta riƙa datse kan igiyar sautin, wanda ke haifar da ƙarin kaifin amo da ba ya cikin waƙar ko karatun, kuma duk wannan kaifi tuwita ake tura wa, ita da naɗin wayarta ya fi na kowa siranta. Alamar ita ce sauti ya fara karcewa ko murya ta fara tsagewa, kuma da ka ji haka ka rage murya, ko da makunnin bai wuce rabi ba, domin da siginar wayoyin zamani amfilifayoyi da yawa suna kai iyakarsu tun a rabin. Lambar PMPO kuwa ado ce ta kwali, babu wani tsayayyen ma'auni da masana'antu suka yarda da shi a kanta. Ka nemi lambar RMS, wadda ke nuna ƙarfin da na'urar ke iya ci gaba da bayarwa, idan babu ka duba wat nawa aka rubuta na'urar tana ci daga bango, domin wadda ke cin wat 60 ba ta da inda za ta samo 5,000 ta ba lasifika.

Idan amfilifayarka ta farko ba ta da ko ɗaya daga bakunan fitar da sigina da muka ambata, masu kayan sautin mota suna sayar da wani ɗan akwati da ke karɓar wayar lasifika ya rage ƙarfinta ya mayar da ita siginar da AUX zai iya ɗauka, ko kuma ka sayi waya mai rassa biyu ka raba sautin tun daga wayar hannunka, kowane reshe ya tafi amfilifaya ɗaya.